Aron Hanci

Ranar da shinkafa ta ƙone a gidanmu, Baba yana zaune a bakin ƙofar kicin, ya ba tukunya baya. Mama ce ta bar masa jiranta ta leƙa maƙota duba mara lafiya, shi kuwa ya jawo kujera ya baje wani tsohon kan famfo a cinya yana ta ƙwaƙula. Daga can gidan maƙota Mama ta jiyo ƙauri. Ta shigo a guje, mayafi a hannu, ta tarar gindin tukunya ya zama gawayi, mutumin nata kuma yana fito abinsa.

"Malam, ba ka ji ba?"

"Me fa?"

A nan asiri ya tonu. Tun wata muguwar mura da ya yi bara, hancin Baba bai dawo ba. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, kuma ya ja bakinsa ya yi gum, kullum yana yaba ƙamshin girkin Mama kamar yadda ya saba. Wannan yabon na ƙarya ya fi ƙonewar tukunya ƙona mata rai. Ita dai Mama, in ana maganar hanci, ba ta da na biyu. Daga tsakar gida take sanin madara ta kusa lalacewa. Muna yara babu wanda ya taɓa shafa turarenta a ɓoye ya tsira, ko da kuwa ya yi wanka a kai.

Da a ce Baba tela ne ko direba, da maganar ta ƙare a dariya. To amma shi da asid yake aiki.

Injinan wanke kwanuka na manyan kicin yake wankewa, wato shi ke wanke mai wanki. Ruwan garinmu mai zartsi ne, duk inda ya tafasa sai ya bar wani farin ɓawo mai tauri, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Baba alli yake ce masa. A butar gida ba abin damuwa ba ne. Amma a injin da ke aiki tun safe ba hutu, allin nan yana lulluɓe hita, wato ƙarfen da ke dumama ruwan, har ruwa ya daina zafi, ya toshe 'yan hujin da ke fesa ruwa, sai faranti ya fito da maiƙo, kofin gilashi ya fito dishi-dishi. Babu abin da ke narkar da shi sai asid. Tun kafin a haife ni Baba yake zagaya otal-otal da gidajen abinci da jarkokinsa a bayan mota, har kukuna suka laƙaba masa Likita.

Da yamma Yaya, babbanmu, ya zo ya ja ni da Mama ɗaki ya rufe ƙofa.

"Dole ya ajiye aikin nan," in ji shi. "Mutum ba ya jin wari, yana zuba guba a ɗakin da ko taga babu?"

Mama ta ce, "Ni ma abin da na ce ke nan. Ba zan zauna ina jiran a kawo mini shi a kwance ba."

Sai suka juyo gaba ɗaya suka zuba mini ido. Ni kuku ce a wani otal, mataimakiyar babban kuku, kuma a makon nan Baba zai zo wanke injinanmu.

Yaya ya ce, "Ki sa masa ido. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki faɗa, mu taru mu roƙe shi ya huta."

Na ce to. Amma gaskiya tun a nan na gama shirya abin da zan faɗa musu. Ni 'yar gaban goshin Baba ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata. Na san in aka raba shi da jarkokin nan an raba shi da rabin ransa. Yaya kuwa, da ko kofi bai taɓa ɗaurayewa ba, ban ga dalilin da zai zo yana mana shari'a ba.

Baba ya iso bayan an gama hidimar abincin rana. Wannan ɗan tsakanin, kafin a ɗora na dare, shi kaɗai ne lokacin da injinan suke numfasawa. Ɗakin wanke-wankenmu siriri ne, a ƙarshen kicin yake. Babban injin farantai yana dama, irin mai murfin da ake ja daga sama ya sauko ya rufe kwando. Ƙaramin injin kofuna yana can ƙurya, ƙarƙashin tebur.

Babban kukunmu, wanda muke ce wa Oga, ya tare shi tun daga ƙofa.

"Likita, yau muna da taro da daddare. Don Allah a yi sauri."

"Oga, ni zan iya sauri. Asid ne ba ya jin magana."

Kullum haka suke gaisawa.

Na samu wuri kusa da ƙofar na jawo buhun albasa, don in riƙa leƙe ba tare da ya lura ba. Kuma wallahi kallon Baba yana aiki abin sha'awa ne. Ba ya gaggawa, amma hannunsa ba ya zama. Ya kashe injin, ya zubar da ruwan ciki, ya zaro rariya ya miƙa a wanke. Ya kwance hannuwan feshi ya ɗaga su sama wajen fitila, yana leƙa hujin ɗaya bayan ɗaya, wanda haske bai ratsa ba ya bi shi da siririyar waya. Ya shafa hita da bayan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya karkata kai yana sauraro. Daga sautin yake sanin kaurin allin, daga kaurin yake sanin asid ɗin da zai auna. Ban taɓa ganin ya zuba ya ƙara ba.

Sannan ya yi abin da ba ya taɓa tsallakewa. A gindin injin akwai jarkar sabulu, da siririn tiyo a cikinta, wanda injin ke zuƙar sabulu da kansa duk sa'ad da ya juya. Baba ya zare tiyon, ya ɗauraye bakinsa, ya rataye shi a ƙusa. Ya miƙe ya tafa hannu.

"Jama'a, a saurare ni! Sabulun nan akwai bilic a cikinsa, irin wanda ake wanke farin kaya da shi. Shi da asid ba sa ga maciji. In suka haɗu, iskar da za ta tashi tana cin ƙirji. Kada wanda ya taɓa mini tiyon nan sai na ce."

Masu wanke-wanke suka amsa da "To, Likita," wasu har suna kwaikwayon muryarsa, don sun haddace huɗubar. Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya. Dogo mai sito yana bakin get yana karɓar kaya.

Baba ya sa safar hannu da tabarau, ya cika injin da ruwa, ya auna asid ya zuba, ya ja murfi ya sauko. Injin ya kama ruri. Ya ɗan tsaya yana sauraro, ya gyaɗa kai, sai ya wuce ƙurya ya durƙusa gaban ƙaramin injin kofuna, kansa da kafaɗarsa duk a ƙarƙashin tebur. Ni kuma na gama albasata, na wanke hannu, na tafi haɗa masa shayi ina murna. Me zan gaya wa Yaya in ban da ya je ya nemi abin yi?

Abin da ya faru a bayan idona sai daga baya na ji shi. Oga yana da doka ɗaya da ya dasa mana a ka tun ranar da kowa ya fara aiki: duk abin da ka gani ba a mazauninsa ba, mayar da shi tukuna, sannan ka tambayi mai shi. Da wannan dokar kicin ɗinmu yake tsaf ko ana ruwan baƙi. A cikinmu kuwa babu mai riƙe ta kamar Dogo. Mutum ne dattijo, mai tsabta har ta yi masa yawa, in ya ga cokali a karkace sai ya miƙar da shi kafin ya amsa gaisuwa. Ya shigo da sabuwar jarkar sabulu a kafaɗa, ya ga tsohuwar ta kusa ƙarewa, ga tiyo yana reto a ƙusa. Ya ja tsaki ya ce a ransa masu wanke-wanke sun fara sakaci. Ya canza jarka, ya zura tiyo har ƙasa, ya goge ɗigon da ya zuba, ya fita abinsa.

Na dawo da kofin shayi na tsaya a kan Baba. Idona yana ɗan yaji, na ce albasa ce. Maƙogwarona yana ƙaiƙayi, ga wani wari mai hawa kai, na ce ai warin aikin ke nan, ni ina na sani? Na ɗan yi tari.

Baba ya fito da kansa daga ƙarƙashin tebur ya miƙo hannu zai karɓi shayi. Sai hannun ya tsaya. Ba kofin yake kallo ba, fuskata yake kallo.

"Uwata, me ya samu idonki?"

"Albasa ce, Baba."

"Tun yaushe kika gama albasa? Me ya sa kike yamutsa hanci? Me kike ji?"

"Warin bilic ne kawai, amma da ƙarfi..."

Ban rufe baki ba ya miƙe. Mutumin da kullum sai ya dafa gwiwa kafin ya tashi, ban ga lokacin da ya kai bango ba. Ya kashe babban makunnin injin, ya fizge tiyon daga jarka, ya ingiza ni waje da hannu ɗaya.

"Kowa ya fita! A buɗe ƙofar baya! A kunna fankar zuƙe hayaƙi, a ƙure ta!"

Oga ya taho a fusace. Kuku in ya ji abu ya lalace a tukunya, abin da hannunsa ya sani shi ne ya buɗe ya gani. Ya kai hannu zai ɗaga murfin injin, Baba ya danne mariƙin da duk nauyinsa.

"Kada ka ɗaga! Abin yana ciki, bar shi a ciki!"

Ban taɓa jin wani ya daka wa Oga tsawa a kicin ɗinsa ba, ban kuma taɓa ganin Oga ya bi umarni da sauri haka ba. Ya juya ya kora mu gaba ɗaya zuwa filin baya inda ake sauke kaya. Muka tsaya cirko-cirko da hulunanmu, masu tari suna yi, masu salati suna yi. Baba ya fito tare da mu, ya buɗe jakarsa ya zaro wani babban takunkumi mai mataci, ya ɗaura. Bai koma nan take ba. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana duba ido yana tambayar ƙirji, ya sa aka kawo ruwa kowa ya wanke fuska. Sai da fanka ta yi aikinta sosai sannan ya shiga shi kaɗai. Ta ƙofa ina hango shi. Ya saki ruwan injin ya bi magudana, ya bi shi da ruwan sanyi mai yawa, ya cika ya zubar, ya cika ya zubar, har na gaji da kallo.

Da ya fito ya cire takunkumi, ni ya kira.

"Uwata, zo ki tsaya a bakin ƙofa. Kada ki shiga. Me kike ji?"

Na shaƙa a hankali. "Babu komai, Baba."

"Ki ƙara."

"Babu."

Sannan ya bari aka koma. Babu wanda ya kwanta, babu wanda aka kai asibiti. Dogo ne kawai ya zauna a kan buhun dankali ya haɗa kai da gwiwa, ƙato da shi yana hawaye. Baba ya je ya dafa shi.

"Tashi, Dogo. Kai aikinka ka yi. Da kowa yana mayar da abu mazauninsa kamar kai, da ni ban samu abin gyara ba."

Baba ya sake aikin tun daga farko, wannan karon ya fitar da jarkar sabulun waje gaba ɗaya. Da aka ɗaga murfi, cikin injin yana walƙiya, hita ta fito fes kamar yau aka sayo ta. Ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, Oga yana duba agogo. Kwandon kofuna na farko da ya fito daga ƙaramin injin, Oga ya ɗaga ɗaya wajen fitila ya daɗe yana juyawa.

"Likita," ya ce, "yau ka fanshe mu."

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na raka Baba mota ɗauke da jakarsa, ina ta zuba.

"Bari in je in samu Yaya! Wai hanci! Mu da muke da hancin me muka yi? Ni ina tsaye da shayi kamar gunki, kai ka gane."

Bai yi dariya ba. Ya jera jarkokinsa a bayan mota, ya ɗaure su, ya rufe. Sannan ya ce, "Ashe sa ki aka yi ki sa mini ido."

Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Ba komai, sun yi daidai. Uwata, ni na fi kowa kusa da injin nan, kuma ban ji komai ba. Tabarau ya kare mini ido, ɗan ƙaiƙayin wuya kuwa na saba da shi. Da hancina yana nan, tun shaƙar farko zan tashi. Da ba ki kawo shayi ba fa? Da wani ya zo ya ɗaga murfin nan ya sunkuya?"

"Amma ai na kawo, Baba."

"Ba a aiki da asid a kan sa'a. Na yi ta gaya wa kaina ƙirjina ne, ni ya shafa. Yau na ga ba nawa kaɗai ba ne, har da naki."

Na gane ajiye aikin zai yi. Na yi magiya, na yi fushi, har na ce masa girman kai ne. Ya shiga mota ya tayar. A daren, bayan an ci abinci, ya zaro makullin ɗakin da yake ajiye jarkoki ya ajiye a gaban Mama.

"Ga shi. Kun fi ni gaskiya."

Yaya ya yi ta sa albarka. Ni ko kallonsa ban yi ba.

Mama ta samu abin da take so, amma ban ga ta yi murna ba. Baba bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya wanke butar shayinmu da ruwan lemon tsami. Ya wanke dutsen guga. Ya kwance kan famfon wanka ya bi hujinsa da waya, ya mayar, washegari ya sake kwancewa. Da ya gama da gidanmu ya aika maƙota su kawo butocinsu. Da butocin unguwa suka ƙare, sai ya koma kujerarsa a bakin ƙofar kicin ya zauna, hannuwansa a cinya. In wayarsa ta yi ƙara, wani kuku ne ke neman Likita, sai ya ba shi lambar wani ya kashe. Fiton ma ya daina.

Ranar hutuna na je na tarar da Mama tana leƙensa ta taga.

"Ke, zo nan," ta ce. "Wannan warin da kika ji, yaya yake?"

Na kwatanta mata iya iyawata.

"Shi ke nan? Kuma har kika tsaya da shayi a hannu ba ki gane ba?"

"Mama, ai ban san yana da illa ba."

Ta ja tsaki. "Shi ya sani ba ya ji, ke kin ji ba ki sani ba. Kayan haushi."

Ta sake leƙa taga. Sai ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta da makullin, ta tsaya a kan Baba.

"Malam, tashi ka buɗe mini ɗakin nan. Ka nuna mini jarkokinka, ka gaya mini warin da yake na lafiya da wanda ba na lafiya ba."

Ya ɗago kai. "Me za ki yi da su?"

"Yara sun girma, babu mai satar mini turare. Hancina yana nan zaune ba ya aikin komai, kai kuma ka zauna ka tare mini ƙofar kicin. Tashi, kafin in fasa."

Yaya ya yi ta faɗa da ya ji, amma Mama ta ce masa ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba.

Da lokacin wanke injinanmu ya sake zagayowa, su biyu suka sauko daga mota. Baba da jarkoki, Mama da jakar hannunta da wata 'yar kujera mai naɗewa. Ta kafa ta a bakin ƙofar ɗakin wanke-wanke, inda iskar ɗakin ke fitowa, ta zauna ta gyara mayafi. Baba ya zare tiyo, ya fitar da jarkar sabulu ya ajiye ta a gefen ƙafar Mama, ya yi huɗubarsa. Dogo ya amsa da ƙarfi fiye da kowa. Ya auna asid, ya zuba, ya sauke murfi. Da can a nan yake karkata kai ya saurari inji. Yanzu sai ya juya ya kalli Mama. Ta ɗaga hanci, ta shaƙa, ta gyaɗa masa kai, sannan ya wuce ƙurya. Yana tsakiyar aiki sai ya leƙo daga ƙarƙashin tebur ya sake kallonta. Can kuma ya sake.

Oga ya kawo mata shayi da kansa, yana dariya.

"Mama, ashe yanzu ke ce ogar Likita."

Ta karɓa ta kurɓa, idonta a kan Baba.

"Bar ni, ɗan nan. Tun da aka ɗaura mana aure mutumin nan bai taɓa kallon fuskata haka ba, sai da hancinsa ya mutu."

Daga ƙarƙashin tebur muka ji Baba ya kama fito. Na juya da sauri don kada a ga idona, kuma ranar ko albasa ban taɓa ba. Mama ta sake ɗaga hanci, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Inji dai lafiya lau. Amma ke, je ki duba miyarki, ta fara kamawa."